Gonar da Ke Jiran Mai Ita

Ranar 26 ga Fabrairun 2016 wani matashi Ba'amurke mai suna Eric Barone ya fitar da wasan kwamfuta da ya raɗa wa suna Stardew Valley. Shi kaɗai ya rubuta manhajar, shi ya zana hotunan, shi ya tsara kiɗan, shi ya ƙaga mutanen garin da maganganun bakinsu. Aikin ya ci masa shekara huɗu da rabi. Kafin wata biyu su cika an sayi kwafi sama da miliyan ɗaya, zuwa ƙarshen 2024 kuwa adadin ya haura miliyan 41. Irin wannan wasa shi masu harkar ke kira indi, wato wanda mutum ɗaya ko ƴan tsirarun mutane suka ƙera da ƙarfin aljihunsu, ba a inuwar wani katafaren kamfani ba. Kalmar gutsure ce daga kalmar Ingilishi mai nufin cin gashin kai. Da Hausa muna iya cewa wasa mai cin gashin kansa, ko da yake idan aka bi diddigi maƙerin ne ke cin gashin.

Yawan cinikin bai ba ni mamaki ba, domin an yi wasannin da suka fi shi kasuwa nesa ba kusa ba. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda masu buga shi ke magana a kansa. Mutum zai ce maka ya shafe ɗaruruwan awoyi a ciki, ya kuma faɗa ba kunya ba nadama, kamar mai ba da labarin garinsu. Wanda ya ƙarar da irin wannan lokaci a kan wasannin waya na kyauta, in ya tuna, yawanci tsaki yake ja. Hausa ta raba abubuwan nan biyu da kyau. Akwai jaraba, mai jan mutum zuwa ga abin da shi kansa ya san ba ya ƙara masa komai, akwai kuma ƙauna, wadda mutum ke koma mata da ƙafarsa. A ganina Stardew Valley ya samu ƙauna ne saboda ya riƙe amanar lokacin mai wasa, maƙerinsa kuma ya riƙe amanar waɗanda suka saya. Kyan zane da daɗin kiɗa suna nan, amma da su kaɗai ne, da tuni an manta da shi.

Ga wanda bai taɓa gani ba, ga yadda abin yake. Kai ma'aikaci ne a wani kamfani mai suna Joja, kana zaune gaban kwamfuta a ɗan akurkin ofis, cikin jerin akurkai iri ɗaya. Kakanka kafin ya rasu ya bar maka wasiƙa a liƙe, ya ce kada ka buɗe sai ranar da rayuwar zamani ta ishe ka. Ranar ta zo, ka buɗe, sai ka tarar da takardar gado: tsohuwar gonarsa da ke gefen wani ƙauye mai suna Pelican. Ka hau bas ka tafi. Gonar ta zama saura, ciyawa da duwatsu da kututture sun cinye ta. Abin da ka mallaka bai wuce fartanya da gatari da diga da lauje da gwangwanin ban ruwa ba, sai kuɗin wasa 500, sai iri ƙwaya 15 da magajin gari ya aiko maka na barka da zuwa. Daga nan babu mai tilasta maka komai. In ka ga dama ka yi noma, in ka ga dama ka yi kiwo, ko ka ɗauki fatsa ka nufi bakin teku, ko ka shiga ramin haƙar ma'adinai, ko kuwa ka yini kana gaisawa da maƙwabta.

Shekarar wasan yanayi huɗu ce, kowane yanayi kwana 28, jimla kwana 112. Yanayin ƙasashen sanyi ne, waɗanda muka saba fassarawa da bazara da rani da kaka da hunturu, ko da yake fassarar tana ɗingishi: tasu bazarar lokacin narkewar ƙanƙara ce da tsirowar ganye, tamu kuwa lokacin zafin da ke gaban damina. Yini yana farawa da ƙarfe 6 na safe. Idan ƙarfe 2 na dare ta buga ba ka kwanta ba, sai ka yanke jiki ka faɗi, ka farka washegari da gajiya, wani lokaci har da asarar kuɗi. Minti goma na wasa daƙiƙa bakwai ne a agogon gaske, saboda haka yini guda bai wuce minti 14 ba, ƙarfin jikinka kuma ƙayyadadde ne, kowane saran gatari yana rage shi. Ba za ka iya yin komai da komai a rana ɗaya ba, dole ka zaɓa. Akwai asara kuma ta gaske. Farin kabeji kwana 12 yake ɗauka kafin ya nuna. Wanda ya shuka shi ranar 17 ga bazara ya yi aikin banza, domin yanayi zai juya ya kashe shi saura kwana ɗaya a cire.

Ke nan wasan yana da agogo, agogon kuma ba ya ragawa. Sai dai agogon nan ba ya tafiya sai kana nan, kuma a nan ne duk maganar take.

Mu kwatanta shi da wani wasan noma da ya riga shi. A 2009 kamfanin Zynga ya fitar da FarmVille a dandalin Facebook, ya kuma yi tashen da a 2010 masu buga shi a wata suka haura miliyan 80. A can shuka tana girma ne da agogon duniya. Ka shuka abin da zai nuna bayan awa huɗu, ka tafi makaranta ko kasuwa, in ka makara da dawowa ka tarar ya bushe. Kamfanin kuma yana da maganin da ke farfaɗo da busasshiyar gona, ana sayensa da kuɗin gaske. Candy Crush Saga, wanda kamfanin King ya fitar a 2012, yana ba ka rai biyar. In sun ƙare, kowane ɗaya sai bayan minti 30 yake dawowa, sai fa in za ka biya ko ka roƙi abokai. Dabarar ɗaya ce. A ƙaga maka ƙunci da gangan, sannan a sayar maka da sauƙinsa. Irin wannan wasa yana bin ka har cikin aji da wurin aiki da kan gado, yana aiko maka da saƙo cewa gonarka na jira. Da aka rufe FarmVille na asali ranar 31 ga Disambar 2020, gonakin da mutane suka yi shekaru suna wa hidima suka tafi tare da shi.

A Stardew Valley in ka rufe wasan, duniyarsa ta tsaya cak. Ka yi tafiyar shekara ka dawo, za ka tarar da safiyar da ka bari, saniyarka ba ta rame ba, shukarka ba ta yi yaushi ba, maƙwabcinka bai yi fushi ba. Babu talla, babu kantin da ake shiga da kuɗin gaske, babu saƙon da zai tashe ka daga barci. Ka biya sau ɗaya, kusan dala 15 a kwamfuta, ƙasa da haka a waya, shi ke nan, in kai kaɗai kake wasa ko intanet ba ka bukata. Ni na taɓa barin tawa gonar wata bakwai saboda jarrabawa da wasu hidindimu. Ranar da na koma ban ji nauyin komai ba, sai ma wani irin daɗi kamar na wanda ya dawo gida ya tarar an share masa ɗaki. Abin da ba ya cin tarar mutum don ya yi nisa, shi mutum ke sake jiki da shi.

Sai mutanen garin. Sun kai talatin, kowa da inda yake kwana da inda yake yini da abin da yake so da abin da ya tsana. Da farko yawancinsu gaisuwa ce kawai ke haɗa ku, wasu ma ko gaisuwar ba sa so. Sai ka yi ta zuwa, kana magana, kana kai ƴar kyauta, wadda wasan bai yarda ta wuce biyu a mako ga mutum ɗaya ba in ban da ranar haihuwarsa, sannan a hankali ƙofa ke buɗewa. Abin da ke bayan ƙofar kuma ya fi nauyin da zanen yara-yaran nan ke nunawa.

Akwai Linus, dattijo mai zama a tanti a gindin dutse, bayan gari. Wani dare za ka gan shi yana tonon kwandon shara, har mai gidan abinci, Gus, ya kama shi. Maimakon ya kore shi sai ya ba shi abinci mai zafi, ya nuna masa cewa in yana jin yunwa ya tambaya kawai. Daga baya, in kun shaƙu, wasan zai ba ka damar gayyatar Linus ya koma gonarka da zama, kai kana ganin alheri ka yi. Ba zai karɓa ba. Zaman tantin zaɓinsa ne, kuma tausayin da bai nema ba yana masa ciwo. Ban san wasanni da yawa da za su bar mai wasa ya yi niyyar kirki sannan su nuna masa ya yi kuskure ba. Akwai Kent, soja, wanda ba ya ma garin a shekarar farko. Yana dawowa daga yaƙi a ta biyu, sai ƙarar gugguru a tukunyar matarsa ta firgita shi ta mayar da shi fagen fama. Akwai Shane, mai jera kaya a kantin Joja, wanda shaye-shaye da baƙin ciki suka yi wa katutu, har wata ranar ruwa ka same shi kwance a bakin gaɓa ya fid da rai da rayuwa, ka kai shi asibiti. Bayan haka ne yake fara ganin mai ba da shawara a birni.

Ba zan ɓoye ba, tsarin abotar yana da rauni. A ƙarƙashinsa lissafi ne: kowace kyauta da makinta, maki 250 su ba ka zuciya ɗaya. Wanda ya haddace abin da kowa ke so zai saye zukatan gari kamar mai sayen goro. Mafi muni, giya tana cikin kyaututtukan da Shane ya fi ƙauna, saboda haka kana iya zama amininsa ta hanyar miƙa masa abin da ke kashe shi. Wannan aibu ne, kuma masoya wasan da kansu sun daɗe suna faɗinsa. Amma ƙa'idar kyauta biyu a mako tana hana gaggawa. Komai dukiyarka a wasan, sai ka yi makonni kana sintiri kafin wani ya faɗa maka damuwarsa.

Wasan ma ya kafa wannan muhawara ta kuɗi da lokaci a tsakiyar labarinsa. A garin akwai tsohon zauren taro da ya lalace. Hanya ɗaya ta gyara shi ita ce ka riƙa kai wa wasu ƙananan halittun daji da ke ciki kayan da suka nema: amfanin gona na kowane yanayi, kifin kogi da na teku, madara, ƙwai, ma'adinai. Tunda wani abin ba ya samuwa sai a kaka, wani sai a hunturu, aikin yakan ci shekara guda ko fiye. Ɗaya hanyar ita ce ka je kantin Joja ka yanki katin zama memba a kan 5,000, a mayar da zauren sito, ka riƙa biyan kuɗi ana yi maka gyare-gyaren gari ɗaya bayan ɗaya. Duka hanyoyin suna kai ka ga gyaran gada da bas da sauransu, wasan kuma bai hana ka ta biyu ba. Amma wanda ya bi ta farko ya zagaya kowane lungu na kwarin, ya san lokacin da kowane kifi ke fitowa, kuma ranar da aka buɗe zauren kantin Joja ke rufewa.

Amana ta biyu ta maƙerin ce. Barone ya gama karatun kimiyyar kwamfuta a 2011 a reshen Jami'ar Washington da ke Tacoma, ya nemi aiki bai samu ba, sai ya fara wasan don ya ƙara gogewa. Tun yana yaro yake ƙaunar Harvest Moon, wasan noma na ƙasar Japan da aka fara fitarwa a 1996, yana kuma ganin na baya-bayan nan sun kasa na farko. Ya riƙa aiki kusan awa goma a rana, yana haɗawa da ɗan aikin nuna wa mutane kujera a wani gidan wasan kwaikwayo a Seattle. Hotunan fuskokin mutanen garin ya zana ya goge ya sake zanawa ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Da wasan ya fito kuɗi suka shigo, abin da aka saba gani shi ne a sayar da ƙari, ko a yi maza a fitar da kashi na biyu. Shi kuwa sai ya zauna yana amsa koken mutane da kansa yana toshe kurakurai. A 2016 ya ƙara sababbin fasalin gona, a 2018 aka samu damar mutum huɗu su yi noma tare, a ƙarshen 2020 ya ƙara tsibiri sukutum, a Maris na 2024 ya sake zubo wani babban ƙari. Ko sisi bai karɓa ba a kan ɗaya daga cikinsu. A Yulin 2024 ma ya rubuta a fili cewa ya rantse da mutuncin sunan gidansu ba zai taɓa cajin kuɗi a kan ƙari ba muddin yana raye. Wanda ya saya a 2016 yau yana riƙe da wasan da ya fi wanda ya biya girma ƙwarai.

Wani zai ce ai sanyin wasan ne ke jawo mutane, tunda duniya ta yi zafi kowa na neman inuwa. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta isa ba. Hollow Knight, wanda ƴan tsirarun mutane suka ƙera a birnin Adelaide na Ostireliya suka fitar a 2017, wasa ne mai duhu da wuya, inda abokin gaba ɗaya zai kashe ka sau talatin kafin ka gane lagonsa. Ba shi da sanyi ko kaɗan, amma masoyansa suna magana a kansa da irin muryar da masoyan Stardew Valley ke yi. Abin da suka haɗa shi ne farashi mai sauƙi da ake biya sau ɗaya, da ƙari huɗu da aka bayar kyauta, da kuma wahalar da ba a sa ta don a sayar maka da mafita ba. In ka faɗi a Hollow Knight babu wanda zai miƙo maka hannu yana neman kuɗi, sai dai ka tashi ka sake.

Akwai abubuwa biyu da bai kamata ƙauna ta rufe mana ido a kansu ba. Na farko, labarin mutum ɗaya da ya yi komai yana da daɗin ji, amma yana da haɗari ga matashin da zai ɗauke shi abin koyi. A shekarun nan huɗu da rabi abokiyar zaman Barone ce ta ɗauki mafi yawan nauyin gida. Kamfanin Chucklefish na Ingila ne ya fara wallafa wasan, ya taimaka wajen kai shi wasu na'urori da fassara shi, kuma ma'aikacinsu ne ya yi babban aikin haɗa ƴan wasa da yawa. Daga baya shi ma Barone ya ɗauki mataimaka. Sannan a kasuwar Steam kaɗai wasanni sama da dubu goma ke fitowa a shekara yanzu, mafi yawansu ba wanda ya taɓa jin sunansu, kuma da yawa daga maƙeransu ba su gaza shi gaskiya ko ƙwazo ba. Riƙon amana yana sa wanda ya zo ya zauna, amma ba shi ke kawo mutane bakin ƙofa ba.

Na biyu, noman da ke cikin wasan mafarkin ma'aikacin ofis ne. Duk wanda ya taɓa yin huɗa a gonar gero a Maraɗi ko Katsina, ya zuba ido ga gabas yana jiran hadari, zai yi dariya in ya ga shukar da ke nuna cikin kwana huɗu. Babu fari a Pelican, babu fara, babu bashin taki, farashi ba ya faɗuwa ranar da kowa ya kai kaya kasuwa. Ka zuba amfanin gonarka a akwati da yamma, da safe kuɗi na aljihunka. Wasan bai taɓa cewa yana koyar da noma ba, saboda haka ban kama shi da laifin ƙarya ba. Amma ya kamata mu lura cewa abin da miliyoyin mutane a Amurka da Turai da Sin ke gudu zuwa gare shi don hutawa, shi ne a wajenmu matasa ke gudu daga gare shi zuwa birni. Da na fara wasan wannan ya ɗan tsaya mini a rai. Daga baya na fahimci cewa abin da suke ƙishirwa shi ne aikin da mutum zai ga ƙarshensa da idonsa, da garin da aka san sunansa. Gonar sutura ce kawai aka sa wa wannan ƙishirwa.

Shi ma kuma yana da tasa ƙugiyar. A kwamfuta wasan ba ya adana ci gabanka sai ka kwanta barci, kana farkawa kuma ga wasiƙa a akwati, ga kabewa ta nuna, ga ranar haihuwar wani gobe, sai ka ce bari in ƙara yini ɗaya. Da haka dare ke rabawa. Wasu ma sukan mayar da gonar masana'anta, su cika rumbuna da ɗaruruwan gangunan sarrafa ƴaƴan itace, suna lissafin ribar kowane taku, har su zama Joja da kansu ba su sani ba. Bambancin da nake gani shi ne babu wanda ke cin ribar rashin barcinka. Barone bai ƙaru da ko anini ba don ka kai asuba, kuma ranar da ka ce ya isa, babu abin da zai biyo ka.

Wuri ɗaya ne wasan ke yanke maka hukunci. A safiyar farko ta shekara ta uku kakan nan yana bayyana ya duba abin da ka yi da gadonsa: dukiyar da ka tara, ƙwarewarka, abokanka, ko ka gyara zauren gari. Sai a kunna kyandir a wurin tunawa da shi da ke kusurwar gonar, daga ɗaya zuwa huɗu gwargwadon ƙoƙarinka. A fitowar farko kalaman tsohon suna da kaushi ga wanda bai taɓuka abin kirki ba, hukuncin kuma sau ɗaya ne. Mutanen da suka shafe shekara biyu suna kamun kifi da hira da maƙwabta, suna zaton an ce su yi abin da suke so, sai suka ji an yi musu faɗa. Suka koka. Cikin makonnin farko Barone ya sassauta harshen kakan, ya kuma buɗe wata ƙofa: duk wanda kyandirorinsa ba su cika huɗu ba, yana iya ajiye lu'ulu'u ɗaya a wurin a duk lokacin da ya shirya, ko a shekara ta biyar ko ta goma, tsohon ya sake dubawa.